Ruwan da ya sauka a bangon lakol

Shekarar farin nan na farko, Baba ya zo lakol ɗinmu, makarantar boko, a Cadakori da la'asar don ya cire ni, mu tafi kudu neman abinci. Ya tarar an toshe tagogi da tabarmi, ana haska sinima a bango, Mushe malaminmu yana fassarawa. Labarin wani yaro ne mai son zama mawaƙi.

Ba wanda ya kula da yaron, sai da ya tsaya a gona yana rera waƙarsa, ruwa ya kece a cikin sinimar. Aji ya ɗauki "Amin!" Baba kuwa ya tuɓe rigarsa ya mai da ita a juye, yadda ake yi ranar roƙon ruwa.

Da aka yaye tabarmi ya ce mini, "Uwata, irin wannan ake koya muku?"

Mushe ya ce sai a kolej.

"To, zauna wurin gwaggonki. Sai kin iya."

Na gama kolej. Bana fari ya dawo, rumbunmu ya kusa ƙarewa. Kullum Baba yakan dubi gabas, sannan ya juyo ya dube ni.