Wanda Ba a Yaba Ba

"Ba za a saka wa 'yata wannan ba," in ji tsohuwar, tana nuna allon kwamfutar da carbinta.

Likitar ta ja dogon numfashi. Kwana biyar ana rainon 'yan tayin nan biyu a ɗakin gwaji don a dasa ɗaya a mahaifar 'yar, kuma karo na uku ke nan tana bayani. Na dama ƙwayoyinsa sun rabu tsaf, daraja ta ɗaya. Na hagu duk gutsattsari, da ƙyar ya samu ta uku.

"Inna, na daman ya fi kyau nesa ba kusa ba."

"Kin ji ko! Tun safe ke da ma'aikatanki kuke yabonsa, ko tubarkalla babu. Baki ya gama da shi. Mu ko maraƙi ba ma yi wa haka."

Likitar ta ji kamar ta tuɓe farar rigar ta yar. Shekara sha biyu tana aikin nan, yau mai kiwon shanu daga Tirwun za ta zaɓa mata! Ta juya ga 'yar, wadda ta shekara tara tana neman haihuwa.

'Yar ta sunkuyar da kai. "Likita, na bara ma haka kuka yabe shi."

Aka saka na hagu, aka daskarar da na dama.

Da shekara ta zagayo suka shigo da jaririya, kumatu luhu-luhu. Likitar ta buɗe baki, tsohuwar ta watsa mata harara.

"Kai," in ji likitar, "wannan mummunar fa?"

Sai a lokacin tsohuwar ta miƙa mata ita.