Baƙuwar Ɗakin Auta

Ina shanya wanki malamin jami'a ya zo da labarin. Auta ta rasu a ƙasar da ta je karatu, can aka binne ta. Na nemi takardar tafiya, aka hana ni.

Musayar ɗalibai ce. Auta ta sauka gidan wasu, 'yarsu ta sauka namu. Tawa ta mutu, tasu na kan gadonta, saura wata biyar ta koma. Na ce ta tafi. Maigida ya ce, "Amana ce, sai haƙuri."

Kullum da safe tana waya da uwarta, abin na ci na. Ran nan na fizge wayar. "Hirar uwa da 'ya, ba a gidana ba."

Da gurguwar Hausarta ta ce, "Mama, duba."

Na duba fuskar wayar. Uwarta ce durƙushe, tana yayyafa wa kabarin Auta ruwa.

"Kullum take zuwa. Ni take tambaya ko kin ci abinci."

Yarinyar ta koma tuni. Uwar ba ta jin Hausa, amma kowace safiya tana kira, ta ajiye wayar a ƙasa, gefen kabarin. Ni kuma in yi wa Auta sallama, in ba ta labarin gida.