Foton da Ya Hana Cin Yankan Na'Allah

Na'Allah mahauci ya gaji da korar ƙuda. Rana ta take tsaka a kasuwar Dakoro, ragon da ya yanka tun safe yana nan a rataye, ba wanda ya taya ko tsoka ɗaya.

Foto ɗaya tak ya jawo masa wannan. Lokacin da yake sojan Faransa a Indoshin, can nahiyar Asiya, kafin ƙasarmu ta samu 'yancin kai, wata rana aka ba su hutu, shi da abokinsa Jimrau suka je kallon ɗakin ibadar mabiya Buda. Masu kula da wurin, kawunansu a aske, suka nuna musu su cire takalma. Na'Allah ya ga ai ko masallaci haka ake yi, sai ya duƙa yana kwance igiyar takalminsa. Daidai nan mai foto ya ɗauka, ga ƙaton gunki a gabansa.

Da ya dawo gida ya rataye foton a zaure, don dai a san ya ga duniya. Rabo maƙwabcinsa ya kalla sau ɗaya, bai tambayi komai ba, ya fice. Kafin la'asar gari ya ɗauka: Na'Allah ya yi wa gunki ruku'u, yankansa mushe ne.

Bawan Allah ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya rantse, a banza. Matarsa Mariama ta ce ya ƙone abin su huta. Ya ƙone, aka ce ai ga shi nan, ya ɓoye shaida. Idan ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi sai ya matsa. Wannan ya fi ruɓewar naman ci masa rai.

Da abin ya ishe shi ya ajiye wuƙa, ya kwashe iyalinsa zuwa garin Rumbu. Can ciwo ya kwantar da shi, can ya rasu.

Bayan kaka sai ga Jimrau ya zo Dakoro nemansa. A gaban Rabo aka ba shi labari.

"Takalmi fa yake cirewa," in ji Jimrau. "Muna fitowa ya nemi ruwa ya yi alwala, shi ya ja mu azahar a gindin itace. Bai gaya muku ba?"

Rabo ya sunkuyar da kai. "Ya gaya mana."

Jama'a, kallo ba bauta ba ne, kuma girmama wurin ibadar wasu ba barin addini ba ne. Kada mu yanke wa mutum hukunci a kan abin da ba mu sani ba, mu saurare shi tun yana da rai.