Tafintan Farfesa

Da Farfesa ya tashi jawabi a ƙaramin cocin bayan Ikara, katakis, mataimakin Fada limamin cocin, aka sa ya yi masa tafinta. Tare suka fara karatun tauhidi. Farfesa, ɗan Kudu, ya wuce Roma, katakis kuwa ya dawo ƙauye yana binne matattu.

Farfesa ba ya jin Hausa. Sai katakis ya watsar da Turancin Farfesa, ya zuba wa jama'a nasa tsohon wa'azin, don baƙon ma ya ɗanɗana gyangyaɗin da suke masa duk Lahadin da Fada bai zo ba.

Ranar har da masu hawaye.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ta riƙe rigar katakis.

"Malam, ka ji yadda masu ilimi ke wa'azi? Don Allah ka riƙa koyo."