Mai Lambu da Garin Kwalba

Abokina, gyara zama ka ji. Akwai wani mai lambu a bakin rafin bayan garinmu, tun zamanin da muke kama tarwaɗa da hannu, mu saci tumatir ɗinsa, ya biyo mu da fartanya yana dariya. Lambun gadon kakansa ne, haka ma dabarar ruwan: in ruwan rafin ya yi laka, sai ya daka ƙwayar zogale ya zuba a ramin da yake tara shi, kafin a yi la'asar ya kwanta garau har ka hango tsakuwar ƙasa. Da ido yake gwada ruwa, kuma shekara arba'in idon bai taɓa ba shi kunya ba.

To, sai aka kafa kamfanonin jima a saman rafin, suna sako ruwan wankin fata mai gubar ƙarfe. Zogale ya ci gaba da kwantar da laka, amma alayyahu ya soma yanƙwanewa, masu sari suka fara ja da baya. Rannan wata malama daga jami'a ta zo da wani gari a kwalba, ya fi bula laushi. Ta ce ƙwayoyin roba ne ƙanana da ido ba ya rarrabewa, suna maƙale wa gubar kamar yadda ƙarangiya ke kama zani, sannan a tace a fitar da su tare. Tsoho ya barbaɗa a bokiti, ya tsuguna ya zura ido. Ruwa fari ne da ma, fari ya zauna. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "'Yata, wannan ko miyar kuka ba zai kaɗa ba." Ya soke kwalbar a rufin bukka, nan ta yi ƙura. Maƙwabcinsa kuwa, wanda duk muke wa kallon sakarai, ya karɓa ya bi yadda aka ce masa.

Rani biyu aka yi. Maƙwabci na ɗaure kayan miya ana kaiwa kasuwa, ƙasar tsoho kuwa ta sha guba har ta daina karɓar iri. A bara na bi ta wurin, masu buga bulo na tarar a inda muke satar tumatir. Wallahi sai da na juya kai.

Gaskiyar Bahaushe ne, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.