Kujeru Bakwai

Karo na huɗu ke nan da bazawarar nan malamar asibiti take zuwa duba motar, kuma kullum sai ta samo mata sabon aibu. Dillalin ya bi ta da ido tana zagaya motar, har ya manta da yabon hajarsa, shi da bakinsa bai taɓa mutuwa a gaban mai saye ba.

"Ta yi mini girma," ta ce, tana leƙa ciki. "Ni da yarana uku, me za mu yi da kujeru bakwai?"

Ya share gumi, yana jujjuya makullin. "Ni ma ina da biyu, Malama. Tun rasuwar mahaifiyarsu..."

Ta tsaya cak. Ya ga leɓɓanta suna motsi, tana ƙirga kawuna. Ta ɗago ta dube shi, ta kawar da kai tana danne murmushi.

"Wato har da kai a cikin cinikin?"

"In kin sallama."

"To, ka je ka ga yayana." Ta zare makullin daga hannunsa. "Amma kuɗin kujeru huɗu zan biya. Ukun naka ne, kuma ni zan tuƙa."