Hotunan Auta

Wayarta ta ce mata ba ta da izinin shiga. Hotunan ɗansu marigayi Auta, da take buɗewa kullum da safe a ma'ajiyar intanet, tsohon mijinta ya rufe mata su.

Ta figi mayafi, ta nufi gidan da ta rantse ba za ta sake takawa ba.

"Abban Auta, har mamacin ma rowarsa za ka yi mini?"

Ya ɗago daga katifa, duk ya ƙare, sai idanu.

"Kin toshe lambata, ta ina zan same ki? Ma'ajiyar da sunana take, in na tafi ta tafi. Likita ya gama magana. Zauna in mayar da ita sunanki, tun hannuna yana motsi."